Jar Wuta a Ƙofar Corinne

Bismarck,
Litinin, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Noreen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki Harold. Allah ya sa ciwon bayansa ya yi sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfin jinya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta saba yi mini tsiya duk lokacin sanyi. Dusar ƙanƙara ta kai rabin tagar kicin. Mijina Leland ya rantse bana shi da shebur sun rabu, amma kullum da safe sai in hango shi a waje yana fama da ita yana zagin gajimare.

'Yarki Corinne tana raye, kuma babu abin da ya taɓa ta. Na sa wannan a farko don kada ki yi ta tsallake layi kina nemansa. Yanzu ki zauna ki karanta sauran har ƙarshe. Ban kira ki a waya ba saboda na san kaina kuma na san ki: ni zan yi ihu, ke ki fashe da kuka, a ƙarshe ni ce zan koma ba ki haƙuri. Takarda kuwa ba a katse ta da kuka.

Kin tuna yadda ta iso mini makonni biyu da suka wuce, da jaka ɗaya, da hannu a ɗaure, da takardar kotun da ta hana mijinta Wade kusantar ta. Ban ajiye ta a gidana ba don ya san gidan. Na sa ta a otal ɗin da na shekara ashirin da uku ina tsaye a teburin karɓar baƙinsa, ɗaki na 318, na rubuta ta da sunan gidan su Mama, Tollefson. Mutum uku suka san wannan: ni, da Bernadette shugabar masu gyaran ɗakuna, da ke. Ke ma na gaya miki ne don kin ce ba za ki iya barci ba sai kin ji muryarta. Wannan kuskurena ne, kuma na ɗauka.

Ranar Asabar muka karɓi taron dillalan injinan noma, mutum wajen ɗari uku. Masu shirya taron sun raba wa kowa alamar suna ta ƙirji, irin mai maganaɗisu a baya, wai don kada allura ta huda musu riga. To ina namiji yake sa katin buɗe ƙofar ɗakinsa? A aljihun ƙirji, daidai bayan alamar. Katinmu kuwa har yanzu tsohon yayi ne mai baƙin layi, wanda ko harara ka yi masa sai ya mutu, balle a haɗa shi da maganaɗisu. Kafin a tashi daga abincin rana, katin fiye da rabinsu ya daina aiki. Na faɗa musu dalili sau ba adadi, har na rubuta da manyan baƙaƙe na kafa a kan tebur. Sai mutum ya karanta, ya gyaɗa kai, ya karɓi sabon kati, ya mayar da shi aljihun nan a gabana.

Na karanta littattafai da yawa a kan halin ɗan Adam, Noreen, amma babu wanda ya koya mini abin da ƙofar da ta ƙi buɗewa ta koya mini. Akwai mai goga katin a wando, da mai hura masa iska kamar shayi. Akwai mai dukan ƙofa da ƙafa, sannan ya sauko yana ɗingishi ya ce ƙofar ce ta fara. Wani tsoho ya ce matarsa ce ta lalata katin da tsiyar jakarta, ita kuwa ta ce masa shekara arba'in duk abin da ya mutu a hannunsa ita yake ɗora wa, har da tumatirin bara. Wani ƙato ya sauko da tawul a ƙugu daga wurin iyo, ruwa yana ɗiga, ya tambaye ni ko na san wane ne shi. Na ce masa ranka ya daɗe, a yadda kake ɗin nan ko mahaifiyarka sai ta yi tunani. Abin da ya haɗa su duka ɗaya ne: kowa a fusace yake zuwa. Wanda aka kulle a wajen ɗakinsa yana jin kamar an kore shi daga gidan ubansa.

Dokarmu ita ce ba a sabunta wa kowa kati sai ya nuna katin shaida, an ga sunan ya yi daidai da na ɗakin. Na sha zagi a kan dokar nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Da layi ya kai bakin ƙofar shigowa, sai manajanmu Mista Dufresne ya fito daga ofis, gumi a goshi, ya ce daga yanzu duk wanda ke sanye da alamar taro a tambaye shi suna da lambar ɗaki kawai, a ba shi kati. Na ce masa wannan ba daidai ba ne. Ya ce Roberta, don Allah yau ɗaya ki bar wa'azi, ba coci muke ba, waɗannan manoma ne ba ɓarayi ba. Na yi shiru. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Wajen ƙarfe biyu na shiga ciki in sha magani in ɗan ci wani abu, na bar abokiyar aikina Marisol a teburin. Ban yi minti goma ba. Da na dawo na duba jerin katunan da aka buga, kamar yadda na saba, sai idona ya faɗa kan 318. Na tambaye ta wa ya karɓa. Ta yi murmushi ta ce ai wani bawan Allah ne, shi kaɗai ne mai tarbiyya a yau duka. Wai ya zo da alamar taro da mataccen kati, ya ce Tollefson, 318, har ya ba ta haƙuri a kan wahalar da ya ba ta, ya ce ta yi a hankali ba ya sauri. Noreen, a nan na ajiye jerin katunan. Shekara ashirin da uku ban taɓa ganin wanda katinsa ya mutu ya zo yana ba da haƙuri ba. Na tambaye ta ko yana da tabo a gira, irin na Wade. Ta ce eh.

Daga baya hoton kyamara ya nuna mana yadda ya yi. Ya zauna awa biyu a kujerar kusurwa bayan jarida, yana jiran in tashi. Ya ɗauki alamar wani da bai zo taron ba daga teburin rajista, ya tsinci kati a cikin kwandon da muke zuba matattu. A lokacin dai ban san komai ba sai abu ɗaya: yana da katin da zai buɗe ƙofarta, kuma ya riga ni da minti huɗu. Na buga wayar ɗakin, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na kira Bernadette a rediyon hannu na ce ta bar duk abin da take yi ta ruga hawa na uku. Na ce wa Marisol ta kira 'yan sanda. Wani dillali yana buga tebur yana cewa hajarsa tana ɗaki, ban ma san abin da na ce masa ba, amma Marisol ta ce bai sake magana ba.

Ga abin da ke faruwa a sama, kamar yadda Corinne ta ba ni labari. Ba ta sa sakata ba, domin an kawo mata tawul ba da daɗewa ba. Ta ji an zura kati, ta ɗauka masu gyara ne, ta leƙa ta ramin ƙofa, sai ta ga girarsa. Sakatar tana nan kusa da hannunta amma tana tsoron ƙarar da za ta yi. Waya tana ta ruri a bayanta, ita kuwa ta toshe bakinta da hannu. Ya zura katin, 'yar wutar makullin ta yi ja. Ya sake, ja. Ya goga shi a wando, ya hura masa iska, ya sake. Sau shida ta ƙirga. Bai ƙwanƙwasa ba, bai kira sunanta ba. Ya tsaya yana kallon ƙofar, sannan ya juya.

Kin gane abin da ya faru? Da Marisol ta miƙa masa katin, ya sa shi inda kowane namiji yake sa nasa, a aljihun ƙirji, bayan alamar da ya sata. Kafin lif ya kai hawa na uku katin ya mutu.

Na zagayo teburin ke nan zan nufi matakala da wannan gwiwar tawa, sai lif ya buɗe ya fito. Babu sauran murmushi, fuskarsa ta zama irin ta kowane baƙo na ranar. Ya nufi wajen Marisol, na koma bayan tebur na ce masa nan, yallaɓai, ni ce mai wannan layin. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin dawo da fara'ar, ya ce Anti Roberta, ashe kina nan. Na ce masa ba ni da ɗan 'yar'uwa mai suna irin na ƙirjinsa, in ga katin shaida. Ina so in riƙe shi da magana har 'yan sanda su iso, ina kuma jin Bernadette ta na'urar rediyon da ke kunnena tana cewa ta samu yarinyar, suna sauka ta lif ɗin kaya. Ya sunkuyo kusa da ni ya ce, a hankali, matarsa ce kuma babu tsohuwar da za ta shiga tsakaninsu. Na ce to ya jira ya maimaita wa waɗanda ke tafe. Sai ya yi dariya, ya faɗi maganar da ta sa nake rubuto miki. Ya ce in daina ɗaukar kaina mai tsaron gidan yari, domin uwar da ta haife ta ce ta ba shi sunan da lambar ɗakin da bakinta.

Ya ajiye alamar a kan tebur ya fita. 'Yan sanda sun iso bayan minti bakwai. Har yau da nake rubutun nan ba su same shi ba.

Na san yadda aka yi, ba sai kin faɗa ba. Ya kira ki yana kuka, ya ce ya koma coci, ya daina sha, furanni kawai yake so ya aika mata. Ke kuma tun muna yara ba kya iya jin kuka ki ƙi miƙa abin da ke hannunki. Na san ba mugunta ba ce. Amma Noreen, kin ga hoton hannunta. Ni na yi shiru gaban manaja, ke kin buɗe baki a waya, kuma abin da ya tsaya tsakanin 'yarki da mutumin nan ba ni ba ce, ba ke ba ce, ba doka ba ce. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai girman maɓallin riga ba. Tun ranar Asabar duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidana sai na tashi na leƙa. Duk wanda ya shigo otal yana murmushi sai na bi shi da ido. Mista Dufresne ya dawo da dokar katin shaida, yana bi ta gefena kamar mai tsoron kare, Marisol kuwa sai da na zaunar da ita na ce ba laifinta ba ne.

Corinne ta bar otal ɗin. Tana wuri mai ɗumi, tana cin abinci, jiya har ta yi dariya da na kwaikwayi mai tawul. Ta ce in gaya miki tana ƙaunarki kuma ba ta riƙe ki ba. Ita ce ta fi ni zuciya mai kyau. Idan kina da saƙo gare ta, ki rubuto mini, zan kai mata da hannuna ba tare da na buɗe ba. Idan ya sake kiran ki, kuma zai kira, ki rubuta lokacin da lambar ki ba 'yan sanda. Yi masa duk tausayin da kike so. Wannan karon ba ki da abin da za ki miƙa masa, domin inda take ba zan gaya miki ba, ko kin yi kuka.

Ki gaishe mini da Harold, da Dale da matarsa Joanne da jaririyarsu, da maƙwabciyarki Misis Okerlund da ta aiko mini da safar ulu. Leland yana gaishe ku. Allah ya tsare mana yarinyar nan, ya tsare ki ke ma.

Taki har kullum, ko da ina fushi,
Yayarki Roberta