Littafin Famfonmu Ya Bi Babban Baƙo Yamai

Zuwa ga Mai Girma Darektan shirin famfunan sola, Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai gyaran famfon wani ƙauye a karkarar Dumega, wanda kuka ce shi ne idonku a wurin. To, idon yana gani, sai dai ba ku bar masa abin karantawa ba.

Na ɗaya, godiya. Kun cire tsohon allon lantarkin da ke sarrafa famfon, wanda na shekara bakwai da shi har na haddace ƙafafun ƙarfen 'yar ƙwaƙwalwar da ke manne a jikinsa, kuka sa sabo mai wata ƙwaƙwalwa daban. Madalla da ci gaba! Littafinsa, mai bayanin aikin kowace ƙafa, kwafi ɗaya tal ya zo. Ranar bukin ƙaddamarwa aka ɗaura masa jan ƙyalle, aka miƙa wa babban baƙo, muka yi tafi, har da ni. Ya shiga mota da shi sai Yamai. Ni kuwa na samu hula.

Na biyu, kwana tara ke nan da famfon ya tsaya. Na je ofishinku sau biyu, aka ba ni takarda mai ƙyalli da hoton mata suna dariya bakin famfo. Kyakkyawa ce, wallahi. Aka ce sauran yana intanet. Na hau tudu neman rezon waya, shafin ya ce sai ma'aikacin kamfani.

Na uku, laifina, ba zan ɓoye ba. Da na ga tumaki na layi da mata a tsohuwar rijiya, na buɗe allon na gwada yadda na saba. Tsohuwar ƙwaƙwalwa wutar volt biyar take ci. Ashe sabuwar uku da ɗan wani abu take ɗauka. Warin ƙuna kawai na ji. Wannan bayani layi ɗaya ne a littafin da muka tafa wa.

Yanzu sunana a gari Mai-ƙona-famfo, kuma abin yana ci mini rai. Uwata ma da guga take jan ruwa.

Roƙona biyu ne: sabon allo, da littafin. In babban baƙo bai gama karantawa ba, kada a katse shi. A turo shi da kansa, ga famfon nan yana jira.

Allah ya ƙara girma, ya sa kada ruwan gidanku ya taɓa yankewa.

Wassalam.
Naku, mai hula.