Man da Na Ƙara wa Injiniya

Litinin, 3 ga Maris

Yau mota ɗaya kawai na samu, mai ne ya ƙare mata a kan gada. Mai ita da kwat da agogo, tanki kuwa ƙaƙas. Shekara ashirin da shida ina tuƙa janwe, rabin motocin da aka kira ni in ja ba lalacewa suka yi ba, ƙishirwa ce. Na tsiyaya masa daga galan ɗina, ya tafi ko waiwaye babu.

Da la'asar na zauna a rumfar mai faci, muka dasa musun da muka saba. Shi yana mutuwar son tseren motocin nan masu kama da silifas, waɗanda ke zagaye fili sau sittin. Wai a daƙiƙa biyu ake canza taya huɗu. Na ce mutumin da ke cinye awa guda a kan taya ɗaya, kallon nan ai zagin kansa yake yi. Ni zagaye ba ya burge ni, fankar ɗakina ma tana yi. Na daji ya fi armashi: mota ta tashi sama ta dira cikin taɓo, ga wani a gefe riƙe da takarda yana karanta wa direba hanya, hagu, dama, rage. Wannan na san shi, shi nake yi duk ranar da na ɗauki uwar yara. Na miƙaƙƙen layi kuwa kafin ka gyara zama an gama. Amma sarkinsu duka shi ne wanda tsofaffin motoci ke ta gwara kai har a bar guda ɗaya. Duk wadda ta mutu, aiki nake hangowa.

Laraba, 5 ga Maris

Injiniya ta dawo hannu duk baƙin mai. 'Yata ta fari, shekarar ƙarshe a jami'a. Ni na laƙaba mata sunan tun ranar da ta kwance min rediyo tana 'yar shekara bakwai. Wai ita da abokan karatunta sun ƙera mota, Asabar ta sama za su yi tsere da wasu makarantu, kuma ita ce direba don ta fi kowa rashin nauyi. Suna so in kai musu motar a bayan janwe.

Na tambayi gudunta. Ta ce talatin a awa.

Na ce, "Talatin? In na fito da keke sai na sha shayi kafin ki iso."

"Baba, ba gudu ake dubawa ba, abin da ake aunawa..."

Na ce na gane, tseren masu haƙuri ne, wanda ya riga yin gyangyaɗi shi ya ci. Ƙannenta suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi. Ina jin dai ta yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta zo da takarda mai zane da lissafi za ta yi min bayani. Na riƙe ta a juye da gangan, na ce yanzu na fi ganewa. Gaskiya ko a daidai ɗin ba ganewa zan yi ba. A aji huɗu na sallami makaranta, ko ita ta sallame ni, ba a tantance ba har yau.

Asabar, 15 ga Maris

An yi tsere! Motar kamar kwale-kwalen da aka kife, taya uku irin na keke, Injiniya a kwance a ciki kamar mai jinya. Tankin wata 'yar kwalba ce ta gilashi, ba ta fi kofin shayi ba. Tausayi ya kama ni. Jami'a guda, a rasa tankin kirki.

Zagaye goma suka yi. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda ya ko goga ɗan'uwansa. Can sai na ji injinta ya mutu, motar tana ta gangarawa shiru. Har na tayar da janwe, sai ya sake kamawa. Haka ya yi ta yi mata, abin kunya a gaban jama'a. Ta zo ta biyar cikin bakwai, amma yaran suna ta tsalle kamar sun ci. Yaran yanzu.

Aka jera motocin a inuwa, aka kira direbobi su sa hannu. Ta ce, "Baba, tsaya nan, kar kowa ya taɓa." Na leƙa kwalbar, mai ya yi ƙasa da rabi. Na ce ashe shi ya sa take mutuwa. 'Yar mai janwe, a ce mai ya ƙare mata a bainar jama'a? Na ɗauko galan da mazurari na cika ta har wuya. Na ɗauki hoton kaina da mazurarin na tura wa mai faci, na rubuta: na ceci Injiniya daga turi.

Sai aka kira ni, wata mota ta faɗa kwata. Na wuce. Ban faɗa mata ba, alheri ba ya son talla.

Lahadi, 16 ga Maris

Innalillahi.

Jiya ta shigo ido jajur ta kulle ɗaki. Uwar yara ce ta yi min bayanin da aka yi ta ƙoƙarin yi min. Ba wanda ya riga zuwa ke ci ba. Kowa ana ba shi mai daidai da na kowa, in an gama a auna abin da ya rage. Wanda ya fi ragewa shi ya ci. Kashe injin nan ma da gangan take yi.

Alƙalai suka auna nata, suka ga zagaye goma ba ta sha ko cokali ba. Da farko har tafi aka yi. Sai malaminsu, wani Dakta mai gilashi, ya ɗaga kwalbar a rana ya ce launin man ma ba irin nasu ba ne. An riƙe motar. Ranar Alhamis za ta zauna gaban kwamiti kan maguɗi. In ya tabbata, kora ce, saura wata uku ta gama.

Da safe ta same ni ina wanke gilashin janwe.

"Baba, wani ya zo kusa da motar?"

Na ce ba wanda ya zo.

Ta ce, "Haka na gaya musu. Na ce babana na bari, kuma babana ba zai bar kowa ya taɓa ba."

Na ci gaba da goge gilashin da ya riga ya bushe.

Litinin, 17 ga Maris

Ban faɗa ba.

Talata, 18 ga Maris

Na je rumfar mai faci, ana nuna na gwara kai a wayarsa. Bai ce in zauna ba. Labari ya riga ni, ƙanen matarsa a ajin su Injiniya yake.

Na ce, "Ka goge hoton nan mana, ban yi kyau a ciki ba."

Bai yi dariya ba. Shekara goma sha tara muna tare, yau ne karon farko da na jefa ya ƙi cafewa.

Ya ce, "Sarkin ba'a, 'yarka ce fa. Ko ka faɗa da bakinka, ko gobe in rufe rumfa in kai wayar nan makarantar da ƙafata."

Na ce ai ina neman yadda zan fara ne.

"Yadda ka fara zuba man."

Ba korar nake tsoro ba, Allah Ya yafe min. Wato ina tsoron korar ma, amma abin da ya fi riƙe min harshe shi ne abokanta su san irin uban da take da shi. Na rubuta don in gani da idona. Ya fi muni a rubuce.

Laraba, 19 ga Maris

Na faɗa, da safe, tana ɗaure igiyar takalmi. Na shirya magana mai tsawo, abin da ya fito kawai: ni ne, ga hoto.

Ta daɗe tana kallon wayar. Ga ni nan haƙora duk a waje, mazurari a sama kamar kofin nasara.

"Tun Lahadi ka sani?"

Na ce tun Lahadi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo min wayar da hannu biyu, da ladabi, kamar baƙo. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Uwar yara ta ce man ba komai ba ne, wauta ce, kuma da wautar ta aure ni. Kwana ukun nan ne ba ta san inda za ta ajiye su ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ɗaki mai sanyi, dogon tebur, mutum biyar. Na sa rigar da ba ta da tabon mai, ashe tana da shi a gwiwar hannu.

Wata farfesa ta ce kowane uba zai iya ɗaukar laifin 'yarsa. Na miƙa waya. Suka duba lokaci, suka karanta abin da na rubuta. Ɗaya ya rufe baki da hannu. Dariyar da na fi kowa iya nema, yau ta zo ban kira ta ba.

Dakta ya ce, "Malam, a ranar, wa kake zaton ke cin tseren?"

Na ce wanda ya riga zuwa, ranka ya daɗe.

"Ka gan ta tana kashe inji?"

Na ce na ɗauka lalacewa ce.

Farfesar ta juya wajen Injiniya. "Ba ki taɓa yi wa mahaifinki bayanin ƙa'idar ba?"

Ta ce, "Na gwada, sau uku." Sai ta ƙara da cewa, "Yana da ban dariya sosai."

Ni sau biyu na ƙirga. Na ukun ko lura ban yi ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Takarda ta fito. An wanke ta, za ta gama karatunta. Amma an soke sakamakonsu, an kuma ja mata kunne kan barin mota a hannun wanda ba ɗan ƙungiya ba. Dakta ya ce da lissafin gwajin da suka yi a baya, da wuya su gaza zuwa ko na biyu ne. Aikin wata takwas na yara shida.

Na je na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Wani dogo a cikinsu ya ce ba komai, Baba. Bai kalle ni ba.

A gida tana gaishe ni safe da yamma. Ina kwana, Baba. Sannu da zuwa, Baba. Shi ke nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

An saki motar, na je ɗauko musu. Injiniya aka turo ta nuna min inda za a sauke. Muka ɗaure motar, muka hau, muka kama hanya. Har mun wuce gada.

Na ce, "In kin kashe injin, ta yaya kike sanin lokacin sake tayarwa?"

Ta juyo tana kallona, tana jiran sauran. Na ce babu saura, tambaya ce.

Ta fara a taƙaice. Wai akwai gudun da in ta sauka ƙasa da shi, tayarwar ta fi cin mai. Wai tana kallon tuta don ta san inda iska ke bugowa, kuma kowane taɓa birki asara ne. Na ce to a kwana fa? Ta gyara zama. Har da zane a kan ƙurar gaban mota da yatsa. Na gane kamar rabi. Inda ban gane ba na ce ban gane ba, ta sake.

Ashe duk zagaye goman nan lissafi take yi a kwance, da zufa a ido. Ni ina can ina hamma.

Ban ce ya fi na gwara kai daɗin kallo ba. Ban ce ba. Na dai tambayi ranar gwaji na gaba, ta ce sai ta tambayi sauran ko za su yarda in zo.

Tana cikin bayanin iska wata ba'a ta zo min har bakin leɓe. Mai kyau ce ƙwarai, da mai faci ya ji sai ya faɗo daga benci. Na haɗiye ta. Mun isa ƙofar makaranta ba ta gama ba, sai na ce ban ga wurin tsayawa ba, na sake zagayowa.