Kafin Su Zura Mini Roba a Hanci

Ƙanena Sha'aban, gaisuwa mai yawa. Ina Raliya da yara?

Tun shekarar da ƙugiyar gini ta faɗo a Haramin Makka nake gidan tsofaffi a unguwar Shifa, nan Riyad. Lafiyata lau, ruwa ne kawai yake ɗan sarƙe ni.

Jiya wata likita ta kawo kunu, ta ɗora yatsu a maƙogwarona, wai in haɗiye ta ji. Ka san gidanmu, dattijo ba ya ci mace tana kallonsa. Na ƙi. Ta ce idan ban haɗiye gobe ba, roba za su zura mini ta hanci.

Ku sa ni a addu'a. Da safe zan ce ta bar yatsun a maƙogwarona, amma ta kau da kai, in yi bismilla.

Yayanka, Basiru.