Bakin Babban Ƙaho

Lahadi, 2 ga Disamba, 1973
Yau babban ƙaho ya kunyata ni a coci. Ana tsakiyar waƙa ya yi wata ƙara, har matan zumunta suka sunkuyar da kai suna dariya. Tun da aka kafa badujalar cocinmu ni ke riƙe da shi. Na ce wa kowa bakin ƙahon ne ya tsufa.

Litinin, 3 ga Disamba
Ba bakin ba ne. Haƙorina na gaba ne da ya fita, iska ke zurarewa ta giɓin. Matata Alice ta sani, amma tuwo kawai ta ajiye mini.

Alhamis, 6 ga Disamba
Shugabanmu Ladan ya ce ko yaron nan Markus ya gwada ƙahon don zagayen Kirsimeti. Markus! Ni fa na koya masa haɗa leɓe. Na ce ƙahon na da matsala, sai na gyara tukuna.

Asabar, 8 ga Disamba
Na kai wa Khalilu maƙerin fari, mai aikin tagulla, bakin ƙahon a ɓoye. Na ce ya faɗaɗa shi, ya ƙara masa zurfi, ko leɓena zai rufe giɓin. Ya ce, "Malam Andarawus, abin da magagari ya ci ba ya dawowa fa." Na ce ci gaba. Bakin nan kaɗai gare mu, ba mu da wani.

Laraba, 12 ga Disamba
Wayyo. Yanzu iska yake sha kamar zugazugi. Kafin ƙarshen baiti ɗaya na ga jiri. Abin kunya ma, har na yi fatan Markus ya kasa shi ma.

Asabar, 15 ga Disamba
Markus ya busa. Tagogin coci sai da suka amsa. Ƙahon nan bai taɓa irin wannan muryar a hannuna ba, ko da haƙorana cif. Ladan ya ce, "Ashe don ƙirjin Markus ka sa aka gyara? Kai, dattijo ke nan!" Aka tafa mini. Markus ya durƙusa, wai "Na gode, Baba." Na rasa inda zan sa fuskata.

Talata, 25 ga Disamba
An yi zagaye. Ina gefen titi kusa da kasuwa, a cikin 'yan kallo. Alice ta ce ƙafata na bin kiɗan. Ƙarya take.

Asabar, 29 ga Disamba
Markus ba ya zubar da yawun bututu bayan busa, zai ɓata ƙahon. Na je gidansu na nuna masa, na goge tagullar da toka da tsami. Na kuma bar masa tsumman gogewata. Dama ya tsufa, ba don komai ba.