Soron Baba da Gidan Masaƙa

Greensboro, Amurka,
14 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Zainabu da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, maigidana Ma'aruf yana ta fama da karatunsa.

Na samu wasiƙarka. Ka ce ko in yarda a rushe soron Baba ka gina ɗakuna, ko ku tashi ku bar Inna ita kaɗai. Bara na ce ba za a taɓa shi ba, ka kuwa san taurin kaina.

Yaya, mun koma wata tsohuwar unguwar ma'aikatan masaƙa. Masaƙar ta daɗe a rufe, gidajen kuma an sa su cikin kayan tarihi, ko taga ba a canzawa sai da izini. Sun sha fenti tsaf, amma shirun unguwar har tsoro yake ba ni. Kullum da la'asar ina ganin wata tsohuwa tsaye a bakin ƙofarmu. Ni da na tashi a gidan Inna, ina zan bar baƙo a tsaye? Rannan na shigo da ita, na kawo ruwa. Ko kallon ruwan ba ta yi ba, ta wuce ɗakinmu kamar mai gida, ta dafa bango.

Sunanta Lucia. Ta ce nan ta yi shekara arba'in, a ɗakin nan mijinta ya rasu da tarin ƙurar auduga. 'Ya'yanta sun watse, yanzu tana gidan tsofaffi. Wai har yau tana jin jiniyar tashi daga aiki, shi ya sa take zuwa taryar mijin. Ta ce ba a canza ko ƙusa ba, ita kaɗai aka cire.

Tun ranar, in la'asar ta yi, Inna nake gani tsaye a wurin. Na yi kuka sosai.

A rushe soron, Yaya. Na yarda. Ku dai zauna da ita.

Ka gaishe min da Inna, da Anti Zainabu, da Safwan da Bebi.

Ƙanwarka,
Ruqayya