Gindin Tikitin Shekara Tara da Aka Ƙirga wa Babana a Matsayin na Bana

Zuwa ga Shugaban ofishin karɓar haraji da ke kula da unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki.

Yallaɓai, sunana Yagana, shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Babana shi ne Ba Modu, mai ɗan shagon nan na Lamisula da mutanenka suka sa wa kwaɗo ranar Talata. Ina wurin lokacin da suka zo. Na san amsar duk abin da suka tambaya, amma bakina ya ƙi buɗuwa, sai na sunkuyar da kai. Shi ya sa nake rubuto maka ta wannan jarida.

Baba yana sayar da sabulu da sukari da ashana, amma da tikiti aka san shi. Idan za a yi kokawa ko ƙwallo a gari, yakan je wurin masu shirya wasan ya sayo littafi guda mai tikiti ɗari, ya biya nan take, ya kawo unguwa don mutane su huta da layin bakin ƙofa. Tun ina 'yar shekara biyar nake zama kan buhun gishiri ina kallo. Ranar wasa, tun kafin la'asar bakin shagon yake cika. Mahauta daga Kasuwar Shanu sukan zo da jini a gefen riga suna gardamar wanda zai yi kaye. Baba yana yago tikiti yana tsokanarsu, wai duk wanda gwaninsa ya sha ƙasa kada ya biyo ta nan da kuka, shagon ba ya sayar da hankici. Ni kuma aikina in riƙe gindin, wato ɗan guntun da yake saura a littafin. A jikin waɗannan guntayen na fara haɗa baƙi, tun kafin a sa ni makaranta. Kalmar da na fara karantawa da kaina ita ce Juma'a.

Ga kukana:

Na ɗaya. Mutanenka sun sami kwali uku cike da gindin tikiti a ƙarƙashin kanta, suka tafi da su, suka dawo suka ce dubu goma sha ɗaya ne, kuma duk cinikin bana ne da Baba ya ɓoye. Yallaɓai, na shekara tara ne. Masu buga tikitin sukan rubuta rana da wata, su bi da "in sha Allah", amma ba sa sa shekara. Baba kuwa ba ya jefa takarda mai sunan Allah a shara, ko a hanya ya gani sai ya tsince ta. Kullum yana cewa zai haƙa rami ya binne su, ni ce nake roƙonsa ya bari, domin ina son launinsu. Na tuna lokacin da aka yi shuɗi, da lokacin da aka koma ruwan ɗorawa, da shekarar da ruwan sama ya hana wasa Baba ya tashi da tikiti arba'in a hannu, ya raba wa yaran layi suka yi ta wasan 'yan kasuwa da su. Da na bar shi ya binne, da yau shagonmu a buɗe yake. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Na biyu. Tikitin bana naira ɗari biyar aka buga a jikinsa. Baba yana sayensa ɗari huɗu da hamsin, bai taɓa ƙara ko sisi a kan abin da aka buga ba. Nasa hamsin ne kawai. A ƙasan kowane tikiti kuma an rubuta cewa an haɗa da haraji. Ban san doka ba, amma ina tambaya: idan masu wasan sun riga sun biya, me ya sa za a sake ɗora wa Baba harajin ɗari biyar ɗin gaba ɗaya? Idan akwai abin da ya hau kansa, ba a kan hamsin ɗin ya kamata a duba ba?

Na uku. An yi wa duka guntayen kuɗin bana, alhali na shekarun baya ɗari biyu ne, wasu ɗari uku, kuma farashin yana jikinsu. Haka aka kai ga harajin naira dubu ɗari huɗu da goma sha biyu da ɗari biyar. Duk kayan shagon ba su kai rabin haka ba. Abin da ake nema a wurinsa kowace shekara kuwa yana biya, rasit ɗin suna nan a gida.

Yanzu Baba yana wuni a zaure. Mutane suna zuwa jaje, yana ce musu ba komai, hutu ne ya samu. Amma masu shirya kokawa sun aiko cewa idan bai karɓi littafinsa ba zuwa ranar Alhamis, za su ba wani mutum a unguwar Fezzan. In littafin ya tafi, ba zai dawo ba.

Don haka ina roƙonka abu uku. A sake duba guntayen, a ware su launi-launi da farashi-farashi. A tambayi masu wasan ko sun biya harajin tikitin. A cire kwaɗon kafin Alhamis, ko da binciken bai ƙare ba, ba inda za mu gudu. Sannan duk dokar da take kan mai sayen tikiti ya sayar, a rubuta mana ita da Hausa a takarda guda, zan karanta wa Baba, mu bi.

Baba bai san na rubuta wannan ba. Na san zai yi faɗa, zai ce yarinya ba ta kai ƙarar manya a jarida. Na yarda ya yi mini faɗan, amma ina so ya yi shi yana tsaye a bayan kantarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka abin da kake ci da iyalinka da shi.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Yagana Modu,
Lamisula, Maiduguri.