Hawainiyar Auta

Laraba, 16 ga Oktoba

Mun dawo daga asibitin ido. Auta ce ta ja ni, ni kuma na bi don a zauna lafiya a gida. Likitan sa'an ɗana na biyu ne. Ya haska min fitila, ya ce yanar ido ce ta rufe min duka biyun, kuma cire ta bai kai zaman aski daɗewa ba. Na ce masa na gode. A mota na gaya wa Auta ba mai sa min wuƙa a ido.

Me ya rage in gani? Na ƙare ƙuruciyata a aikin safiyo. Titunan da na fitar a miƙe sambal, yau shaguna ne a tsakiyarsu. Duwatsun iyakar da na kafa da hannuna, wasu an tumɓuke, wasu sun yi ƙafa sun matsa. Gara yanar nan, labule take yi min.

 

Da alƙalamin maka mai kauri nake rubutu yanzu. Layi kaɗan, shafi ya cika.

Asabar, 19 ga Oktoba

An kawo wa Auta wani kwali. Na zaci kayan ɗakin gwajin da take aiki ne, ashe na wasa ne. Wani ƙarfe mai nauyi, bai fi bulo girma ba, ana ɗora shi kan ƙafa uku, a ɗaura kyamara a bayansa. Ta ce na'urar bin taurari ce. Tun tana ƙarama take da wannan ciwon na ɗaga kai sama. Ni na sa mata shi, ban musa ba.

Ta yi min bayani kamar ban taɓa shiga aji ba. Abubuwan da ke can nesa a sama haskensu ɗan mitsitsi ne, sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana sha. To duniya kuma ba ta tsaya wa kowa, tana juyawa, taurari sai su ja jela a hoton. Ita wannan aba juyawa take a hankali, kishiyar juyin duniya, ta riƙe tauraro wuri guda.

Ta kunna. Na zuba mata ido, ban ga ta motsa ba. Na ce wannan ai hawainiya ce. Mamansu ta leƙo daga kicin ta ce to gida ya samu hawainiya ta biyu.

Talata, 22 ga Oktoba

Na zuba gishiri a shayi. Ban gaya wa kowa ba, na shanye.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jiya bayan isha'i Auta ta hau saman bene da kayanta. Hoton taurarin Kaza da 'Ya'yanta take son ɗauka. Ta ce a bayan taurarin akwai wani hayaƙi shuɗi da ido ba ya gani. Ina jin takunta a saman kaina, ta je ta dawo, ta ja ƙarfe, ta tsaya. Da ta sauko ko sai da safe ba ta ce min ba.

Yau wajen karin kumallo take faɗa wa uwarta: taurarin duk sun fito kamar tsutsotsi. Wai dole ƙashin bayan na'urar ya kalli tauraron arewa daidai, akwai ɗan madubi a cikinta na leƙawa. Amma tankin ruwan maƙwabcinmu ya tokare wurin tsaf. Sai ta nemi arewa da kamfas ɗin wayarta.

Kamfas. A saman benen nan, inda rodin hawa na biyu da ban taɓa ginawa ba yake tsaitsaye kamar karan gona.  Ba ruwana.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ba kowa a gida da hantsi. Na shiga ɗakinta na kunna hawainiyar, na kara kunne. Wani ɗan gurnani take yi can ciki, siriri, ba ya hawa ba ya sauka. Na daɗe a tsaye.

Dole in faɗi gaskiya ko da a nan ne: wanda ya ƙera abin nan ya san aikinsa. Zagaye ɗaya a yini, kuma ba yinin agogo ba, yinin taurari, wanda ya gaza namu da 'yan mintoci. An koya mana wannan a makaranta, da alli da teburan lissafi, malamin yana gumi muna gumi. Yau ga shi an dunƙule a cikin ƙarfen da za a sa a jaka. Ba a yi mata waya a ce ta ɗan karkata saboda filin wani babba ne. Abin da aka ce ta bi, shi take bi.

Amma duk iyawarta, in an nuna mata arewar ƙarya, da gaskiyarta za ta bi ta ɓata.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na hau bene. Rabona da matakalar nan tun kafin in bar tuƙi. Na tono tsohon kamfas ɗina na tagulla daga ƙasan akwati, na kai shi dab da hanci, na matsa kusa da rodi. Allurar ta juya kamar an kira sunanta. Na matsa tsakiya, ta sake shawara. Akwai ƙarfe har a cikin simintin da ake takawa.

Mamansu ta biyo ni tana haki, ta ce in na faɗo ita ba ta da ƙarfin ɗaukar gawa. Na ce ba faɗowa na zo yi ba. Ta tsaya a bayana riƙe da gefen rigata, kamar akuyar da aka kai kasuwa.

Da daddare na ce wa Auta ta ajiye min safiyar Asabar, ta nemo alli da zare da sanda miƙaƙƙiya. Ta tambayi na me. Na ce wanda tauraro ya ɓuya masa, rana yake tambaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na gaji, amma sai na rubuta.

Na fere bakin sandar ya yi tsini, muka kafa ta a gwangwanin yashi, na daidaita tsayuwarta da dalma a zare kamar yadda magina ke yi. Da hantsi aka ɗiga alli a ƙarshen inuwarta. Daga gindin sandar muka ja zare muka zana da'ira ta bi ta kan ɗigon. Sai jira. Inuwa ta gajarce, ta shige cikin da'irar, rana ta karya, ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Inda ta sake taɓa da'irar, nan ɗigo na biyu. Tsakanin ɗigon biyu gabas da yamma ke nan. A raba shi biyu, a ja layi ta gindin sanda: arewa ta gaskiya, wadda ba ruwanta da rodi ko tankin kowa.

Abin da ya ƙona min rai: ban ga ƙarshen inuwar ba. Wani baƙi-baƙi kawai nake gani yana narkewa a siminti. Auta ce ta durƙusa tana ɗigawa, ni ina tsaye ina ta faɗin a kula, a kula, kamar ɗan kwangila. Mamansu tana riƙe min lema tana cewa tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na jira wani abu haka ba tare da na zagi wani ba.

Maƙwabci ya leƙo ta bayan tankinsa yana tambaya ko gini za a ci gaba. Na ce e, sama za mu gina.

Na gaya wa Auta nawa za ta ɗaga wuyan na'urar. Matsayin garin nan a taswira yana kaina har yau, ko daga barci aka tashe ni. Ta duba waya ta ga daidai ne, ta yi dariya. Ban ga abin dariya ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na zauna da ita a sama jiya. Ba wata, iska kaɗan. Ta jera ƙafafun a kan layin allin, tana aiki da 'yar tocila ja don kada farin haske ya kashe mata ganin duhu.  Ta matse wannan, ta sassauta wancan, ta gwada nauyin kyamara ta kowane gefe, sannan ta ja baya ta hana ni ko tari kusa da ƙafar. Kyamara ta buɗe ido, ta daɗe, ta rufe, ta sake. Haka, haka. Na ɗaga kai, ni dai ban ga Kaza ba balle 'ya'yanta.

Da ta gama sai ta rufe idon kyamarar da murfi ta ci gaba da ɗauka. Na ce yarinya ta zare. Ta ce a'a Baba, hoton duhu ne. Kyamara tana da nata ƙurajen, in ta ɗauke su su kaɗai sai ta cire su daga hoton sama, abin da ya rage shi ne na Allah.  A zamaninmu haka muke yi wa na'urar awo, a juya ta a sake karantawa don kuskurenta ya kashe kansa. Ban taɓa koya mata wannan ba.

Yarinyar nan ta iya aiki. Ba na jin na taɓa faɗa mata.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kwana biyu tana haɗa hotunan a kwamfuta, ɗaya kan ɗaya, har hasken ya taru. Yau ta kira mu. Mamansu ta gani ta yi salati, ta ce kamar an watsa lu'ulu'u a kan shuɗin mayafi. Auta ta ce taurarin sun fito ɗigo-ɗigo, ba jela.

Na matsa. Na sa tabarau, na ɗora madubin karatu a kai, hancina na taɓa gilashi. Farare-farare na gani a cikin ruwan ƙasa, kamar fitilun mota a bayan labule mai datti. Hayaƙin da ake ta yabo, ban san ko na sama ne ko na idona ba.

Na ce ya yi kyau.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ban taɓa sa hannu a aikin da ban duba da idona ba. Saboda wannan halin aka yi min ritaya kafin lokacina, kuma ban yi nadama ba. Yanzu ga layi na ja, kowa na ce min ya fita, ni kuma sai dai in karɓa a bakin mutane. Mamansu ko karkataccen bango na gina cewa za ta yi ya miƙe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na ji Auta a waya da yayanta, tana cewa sai da ta ɗan taɓa wani abu kafin ya zauna. Da ta ajiye na tsare ta: me ta taɓa? Layin ne ya kauce, ko wuyan na'urar? Da nawa? Ta ci gaba da ninke kaya kamar ba da ita nake ba. Na ce ni ubanta ne, ba maras lafiyan asibitinsu ba, ta gaya min ko taurarin gefe sun ja ko ba su ja ba.

Ta ce, "Baba, hoton yana nan. In kana son sani, ka duba da kanka."

Na ce tarko ta ɗana min ke nan.

Ta ce, "Tarko ne. Amma layin naka ne, ba nawa ba."

Na shige ɗaki. Ban ci abincin dare ba. Daga baya na ci.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wata ya cika sama da haske, hawainiya tana hutu a kwali. Ban kunna ta ba. Sai dai sau ɗaya.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na sa Mamansu ta raka ni asibitin, tambaya kawai zan yi. Na tambayi likitan wace irin na'ura suke auna ido da ita, kuma wa ke duba ita na'urar. Ya amsa ba tare da ya ji haushi ba, har ya nuna min. Ba laifi. Kafin in ankara wata ma'aikaciya ta rubuta rana a kati ta miƙa wa Mamansu, ita kuma ta cusa a jaka ta ja zif. Ba a nemi ra'ayina ba. Ban kuma bayar ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Da biro nake rubutu.

An yi aikin idon dama ranar Laraba. Ba wani abin faɗa ba ne. Gidan nan yana bukatar fenti, ba wanda ya gaya min. Ɗankwalin da Mamansu ke yawan ɗaurawa, wanda nake tsokanarta da shi ina cewa na toka, ashe shuɗi ne. Ta tsufa. Na daɗe ina kallonta har ta ce mene ne.

An hana ni hawa bene da sunkuyo da ɗaukar nauyi. Ba a hana ni kwamfuta ba. Auta na wurin aiki na buɗe hoton, na rufe na hagu da tafi.

Hayaƙin yana nan. Shuɗi ne, da zare-zare a jikinsa kamar an taje shi, ya naɗe manyan taurarin, kuma bayansu wasu ƙanana ne birjik har inda hoton ya ƙare. Duk daren da na kwana a daji da na'urar awo ina kallon Kazar nan, yana wurin. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Shayina dai ya huce.

Sannan na yi abin da ya kawo ni. Ta ajiye hoton farko daban, na kafin ta taɓa komai. Na ƙara girmansa. Sun ja, kaɗan, duk gefe guda. Layin ya kauce, bai kai kaurin alli ba, amma ya kauce. Ƙarshen inuwa yana da gashi-gashi, wanda bai saba ba a waje yake ɗigawa. Ba laifinta ba ne.

Da ta dawo na gaya mata. Ta ce ta sani. Na ce za a sake, kuma ni zan riƙe allin. Ta ce sai likita ya yarda. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi, irin na uwarta, na ce ta je ta cire takalmi.

Likitan yana maganar na hagu. Ban ce masa e ba. Na dai tambaye shi wace rana ce ba cunkoso.

Sandar tana bukatar a sake fere ta.